Gurbin Sifana a Allon Baba

Matso kusa, ja tabarmar nan ka zauna, in ba ka labarin surukina. Sati uku ke nan da aka kai shi makwancinsa, amma har yau in na shiga kicin sai in tsaya ina jiran muryarsa daga tsakar gida yana tambaya ko na rufe gaz. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta. Ina so in faɗi abin da na sani tun kunnena bai manta ba, don jikokinsa da Faransanci suke mafarki, in aka yi sake nan gaba sai dai su ce wani tsoho ne mai son ƙirga cokula.

Na je zaman makoki da yawa a nan unguwarmu ta Nzeng-Ayong a Gabon, amma ban taɓa ganin wanda aka yi dariya a cikinsa kamar namu ba. Ranar farko kuka aka sha, ba a magana. Ranar uku ce abin ya juya. Maƙwabcinmu ne ya fara, wani makaniki Kirista ɗan Najeriya, wanda suka yi shekara da shekaru da Baba suna gyaran motocin katako a tashar jiragen ruwa ta Owendo. Ya zo ya cire hularsa, ya zauna a gefen tabarmar maza, ya yi gaisuwa da Hausarsa mai haɗe da buroka. Sai ya ce shi fa ba zai tafi ba sai ya faɗi wani abu. Wai akwai ranar da ya manta bai ɗaure notin taya ba, mota ta ɗauki katako har ta kai bakin ƙofa. Ya ruga ya gaya wa Baba, yana jiran zagi. Baba ya tsayar da motar, suka ɗaure tare, sannan ya ja shi wurin mai shayi ya ce a zuba masa madara sosai. Ya ce tun da uwarsa ta haife shi, ranar ce kaɗai aka ba shi shayi don ya yi wauta.

Maza suka fashe da dariya, har liman sai da ya rufe baki da rawani. Muna ciki muna jiyowa. Sai ƙanwar mijina, wadda ke aikin ofis a unguwar Plaine Orety, ta share hawaye ta ce ai ita ma ta sha nata, ranar da ta bar dutsen guga a kan babbar rigarsa ta Juma'a ta tafi amsa waya. Ta ce haka ya sa rigar nan da tabon ƙunarta ya tafi masallaci, duk wanda ya tambaya sai ya ce hatimin 'yarsa ne. Daga nan fa kowa ya shiga tono nasa. Inna, surukata, tana ƙuryar ɗaki cikin takaba, ta ja mayafi ta rufe fuska, kafaɗunta na girgiza, ba ka iya cewa kuka take ko dariya.

Mutum biyu ne abin bai kai musu ciki ba. Maigidana, don yana ganin mahaifinsa ya tafi yana zarginsa da laifin da bai yi ba. Sai ni, don ni na yi laifin.

Bari in koma baya ka gane.

Baba tsohon makanikin jirgin soja ne can gida, tun kafin ya biyo wani kawunsa ɗan kasuwa zuwa Gabon. Ranar da aka kawo ni gidan nan, abin da na fara gani a tsakar gida ba gado ba ne, ba kujera ba. Wani faffaɗan allon katako ne a jikin bango, ƙarƙashin rumfar kwano, an rataye kayan aiki a kai: guduma, filaya, sukundireba, sifanoni daga ƙarama zuwa babba. Kowane ƙarfe an zana siffarsa da jan fenti a bayansa, yadda in ka ɗauke shi sai gurbinsa ya tsaya yana kallonka. Kullum bayan la'asar Baba zai tsaya gaban allon nan, ya bi su da yatsa ɗaya bayan ɗaya yana motsa leɓe. Ya ce haka ake yi a wurin jirage, ba a barin jirgi ya tashi sai kowane ƙarfe ya koma gurbinsa, don wanda babu shi a allo, wataƙila yana cikin jirgin.

To, ai da a allon abin ya tsaya da sauƙi. Har kicin ya biyo mu. Wuƙaƙenmu uku, kowace da ƙusarta. Tukunyar gaz kuwa da jan ƙyallenta: in ka buɗe sai ka ɗaura ƙyallen a hannun ƙofa, in ka rufe ka mayar. Inna ta ce shekara arba'in tana girki ba ta ƙona gida ba, ba ta ga dalilin da za a mai da ita kurtu ba. Shi kuma sai ya ce mata, “Ke dai ɗaura, ranki ya daɗe, kwamandan tuwo.” Tana mita tana ɗaurawa. Ranar da ta kama shi ya bar butarsa a bakin ƙofa har ta yi tuntuɓe, sai da unguwa ta ji. Ta sa shi ya haɗa wa kansa shayi, ta zauna tana kallonsa yana sha.

Wannan shayin shi ne dokar gidan. Duk wanda ya yi ɓarna ya zo ya faɗa da bakinsa, ba duka, ba zagi, ba gori daga baya. Baba da kansa zai dafa masa shayi, ya zaunar da shi, ya tambaye shi yadda abin ya faru, da abin da ya sa ya zo da sauƙin faruwa. Bayan ƙonewar rigar nan, bai yi wa 'yarsa faɗa ba, sai ya ɗauke teburin guga ya mai da shi kusa da inda ake ajiye waya. Amma wanda ya ɓoye aka gano, wannan ya shiga uku. Ba zai taɓa shi ba, zai dai daina yi masa wasa, kuma a gidanmu rashin wasan Baba ya fi bulala zafi.

Ni Amarya yake ce mini, har na haifi huɗu sunan bai canza ba. Ni ba mai fita ba ce, kasuwa ma sai ta kama dole, shi kuma da ya bar aikin Owendo sai ya zama ɗan zaman gida. Haka muka wuni tare shekaru, ina tsintar shinkafa yana gyara rediyon da ba abin da ya same ta. In jirgi ya wuce ta samanmu zai ɗaga yatsa ya ce in saurara. Ya koya mini bambanta mai farfela da mai hucin iska, na kaya da na mutane. Wata rana na riga shi faɗa, ya yi ta murna yana gaya wa Inna cewa da an sa amaryar nan makaranta da yanzu ita ke ba jirage izinin sauka.

Lokacin da wasa ke ɗauke masa shi ne in rediyo ta ce jirgin soja ya faɗi a wata ƙasa. Zai rage murya, ya yi wa mamatan addu'a. In mai labarai ya ce matsalar inji ce, sai ya girgiza kai. Ya ce inji ba ya wayar gari ya yanke shawarar kashe mutane. Kafin ƙarfe ya karye akwai wanda ya ga tsaga ya ce gobe. Akwai wanda ya kwana biyu bai runtsa ba aka ce ya ɗaure noti. Akwai wanda ya sa hannu a takarda cewa ya duba, alhali daga nesa ya leƙa, saboda babba na jira kuma babba ba ya son jira. Wani lokaci a ciro kaya daga mataccen jirgi a liƙa wa mai rai, wani lokaci a loda masa abin da ya fi ƙarfinsa don wani mai igiya a kafaɗa yana da buhuna. Ya ce abin da ya fi ba shi tsoro shi ne ƙaramin soja da ya ga ɗigon mai a ƙasa, ya dubi fuskar ogansa, ya haɗiye maganarsa. In abu ya faru kuma sai a ɗora wa matuƙi, tunda ya mutu ba zai yi musu ba. Inna takan ce, “Malam, ai kwana ne ya ƙare.” Shi kuma ya ce haka ne, amma wanda ya bar noti a kwance sai an tambaye shi ranar gobe.

Wata ranar ruwa, muna zaune ƙarƙashin rumfa kwano na ta kiɗa, na tambaye shi me ya raba shi da soja. A dangi ana raɗe-raɗin korarsa aka yi, ba mai son tambaya. Sai ya miƙa hannu ya ɗauko wata tsohuwar sifana daga allo, kusa da wani gurbi da babu komai, duk ta goge ta yi sulɓi. Ya ce irin wannan ce, mai lamba goma.

Wai wata safiya sun gama aiki a kan wani jirgi da zai ɗauki wani babban hafsa da sojoji. An rufe ko'ina, an sa hannu, mutane sun hau, farfela ta fara juyawa. Ya koma yana mayar da kaya, sai ga gurbi ɗaya babu komai. Tasa ce, shi ya yi aiki da ita. Ya laluba aljihu, ya duba ƙasa, babu. Ya ce ya tsaya kamar tsawon karatun Fatiha, zuciyarsa na ce masa wataƙila wani ya ara, wataƙila ba abin da zai faru, kuma ba wanda ya gani. Amma watanni kaɗan kafin nan wani jirginsu ya faɗi da mutanen da ya sani, kuma su na ƙasa duk sun san akwai wanda ya lura da wani abu ya ji tsoron faɗa. Sai kawai ya ji ƙafafunsa na gudu. Ya sha gaban jirgin yana ɗaga hannuwa, hularsa ta tashi, wandonsa na neman zamewa. Nan ya tsaya ya kwaikwayi gudun a tsakar gida, na yi dariya har na ƙware.

Aka kashe inji, aka buɗe. Sifanar na kwance kusa da wayoyin da matuƙi ke juya jirgi da su. Hafsan ya sauko ransa a ɓace don an ɓata masa lokaci a gaban mutane. Aka kulle Baba, daga baya aka sallame shi. Ranar da zai tafi sajensu ya jefo masa sifanar a gaban ƙafa, ya ce ya tafi da ita, ta zama matarsa.

“Korar ba ta dame ni ba, Amarya, ni na bar ta a ciki,” in ji shi. “Abin da ya dame ni, yaran da ke tsaye duk sun ga abin da ake yi wa wanda ya faɗa. Na san daga ranar ba mai sake gudu.”

Ka ji asalin shayin gidanmu. Kuma ka ji irin sifanar da na jefa a kwata.

Ina wata na biyar a gidan. Zan yi shinkafa da kwakwa, Inna ta tafi barka, maza sun fita. Taɓarya na wurin maƙwabta, ruwa kuma ake kamar da bakin ƙwarya. Na dubi allo. Guduma ta yi mini nauyi, sai hannuna ya kai kan 'yar sifanar nan. A lokacin ban san tarihinta ba, sai bayan shekaru ya ba ni labarin da na faɗa maka, gurbin na nan a bayansa, wata mai kama da ita ya ɗauko ta kusa ya nuna mini, ni kuwa ina dariya ina kauce wa kallon gurbin. Na tsuguna a bakin kwatar ƙofar gida ina ƙwanƙwasa kwakwa don ruwan ya tafi da ɓawon. Bugu na uku ta suɓuce. Ka san kwatocin unguwar nan in sama ta buɗe, akuya ma tafiya suke da ita. Ko ƙararta ban ji ba.

Bayan la'asar Baba ya tsaya gaban allo, yatsarsa ta tsaya. Ya tara mu, ya tambaya a hankali. Na buɗe baki, kunya ta hana ni. Amarya ce ni, ko ido ban iya haɗawa da shi, in ce na ɗauki kayan surukina na fasa kwakwa? Na ce a raina gobe. Sai maigidana ya ce shi ya yi aiki da ita da safe a kan babur, amma ya mayar. Baba ya dube shi ya ce, “Ka tabbata?” Shi ke nan abin da ya ce. Aka kwashe gidan kaf, har buhun gawayi aka zazzage. Baba ya ɗora shayi ya ce yana jiran mai shi. Shayin ya huce a kan tebur.

Gobe ta zama jibi. Maigidana ya je ya sayo sabuwa fil, ya kawo. Baba ya juya ta ya yaba, ya mayar masa, ya ce ba sifana yake nema ba, baki yake nema. Ranar ce kaɗai na ji sun ɗaga wa juna murya. Ɗan ya ce shi ba maƙaryaci ba ne, ba zai amsa abin da bai yi ba don a ba shi ruwan zafi da sukari. Uban ya ce ba wanda ya kira shi maƙaryaci. Daga nan ba su sake tayar da maganar ba. Suna gaisawa, suna cin abinci tare, ɗan ya kai shi asibiti ya dawo da shi, amma bai ƙara taɓa allon nan ba, ko ƙusa zai buga sai ya aro guduma a waje. Shekara goma sha biyu gurbin nan na kallona ina shanya, ina wanke-wanke. Kullum in ce sai ranar da ya yi farin ciki sosai, in ranar ta zo kuma in ce kar in ɓata ta.

Rasuwarsa ba ta ba da sanarwa ba. Ya ƙirga kayansa bayan la'asar, ya zauna a kujerarsa, ya ce kansa na juyawa. Kafin taksi ya iso ya cika.

Ranar addu'ar bakwai da hantsi, baƙi sun ragu, na fito da tire na tarar da maigidana tsaye gaban allo. Ya sa yatsa a cikin jan zanen. Bai juyo ba ya ce, “Ya tafi yana ganin ni ne.”

Na ajiye tiren. Na ce ya zo ɗakin Inna, ina da magana. Ƙanwarsa na ciki tana ninke tabarmi. Na durƙusa, na faɗa musu duka, da kwakwar, da ruwan, da bugu na uku. Ban ɗaga kai ba. Da na gama, na ce a raina yau kam sai abin da Allah ya yi.

Sai na ji Inna ta yi wani ɗan sauti. Na ɗago, ashe dariya take dannewa.

“Sai yau?” ta ce. “Ai Malam tun daren farko ya sani. Ya ce mini an ci shinkafa da kwakwa, taɓarya ba ta gida, guduma a bushe take. Ya ce in bar ki, yarinya ce, za ki zo da ƙafarki.”

Maigidana ya ce to shi fa? Me ya sa aka bar shi da abin shekara goma sha biyu?

Nan dariyar Inna ta tsaya. Ta ce ta gaya wa Malam ya fi sau nawa ya kira babban yaro ya wanke shi. Shi kuma ya ce in ya wanke ɗan, ya nuna matar ke nan, kuma ai yaron ya san bai yi ba, me zai dame shi? Ta ce, “Mutumin da ke duba kan gaz sau uku, bai taɓa zuwa ya duba cikin ɗansa ba. Ya ɗauka lafiya lau ne, ya sa hannu daga nesa. Wannan nasa ne, kuma tunda ba ya nan, ni na faɗa a madadinsa. Ka yafe wa ubanka.”

Maigidana ya zauna a ƙasa, ya rufe fuska da hannu biyu. Ya daɗe a haka. Da ya buɗe, idonsa jawur, ya dube ni, na ce to ga nawa ya zo. Sai ya ce, “Kwakwa? Duk ƙarfen da ke gidan nan, ki rasa abin fasa kwakwa sai wadda ta tsayar da jirgin soja?” Ƙanwarsa ce ta fara tuntsirewa, shi ma ya biyo, yana dariya hawaye na zuba. Na ce ya yafe mini, ya ce zai yi tunani bayan ya ga ko doka za ta yi aiki a kaina.

Inna ta ce a ɗora ruwa. Ta ce Malam ya bar wasiyya tun da daɗewa, duk ranar da Amarya ta yi magana a sa mata sukari cokali uku, don ta sha ɗacin jira. Maigidana da kansa ya dafa, karo na farko a aurenmu, ya cika ganye har ya yi baƙi. Ya zuba mini, ya zuba wa kansa, ya zuba na uku ya miƙa wa Inna ya ce ta sha a madadin mijinta, tunda shi ma an amsa masa laifinsa. Sannan ya zauna ya yi mini tambayar Baba, me ya sa abin ya zo da sauƙin faruwa. Na ce don ba mu da abin fasa kwakwa. Washegari ya dawo daga Owendo da wani guntun ƙarfe, ya buga masa ƙusa a kicin, ya zana masa gurbi da jan fenti.

Sabuwar sifanar nan da ya saya shekarun baya, ashe tana cikin akwatinsa. Na ce ya rataye ta, ya ce a'a, a bar gurbin yadda yake, yara su riƙa tambaya muna ba su labari. Yanzu shi ke tsayawa gaban allon bayan la'asar, yana bi da yatsa, leɓensa na motsi irin na ubansa. Jiya jirgi ya wuce, na ce na kaya ne mai farfela, ya ce ina na sani, na ce ya je ya tambayi wanda ya koya mini.

Allah ya gafarta wa Baba, ya haskaka kabarinsa, ya yafe masa nasa gurbin kamar yadda ya yafe mana namu. Ni na yi sa'a, tawa a kwata ta faɗa, ba a cikin jirgi ba, amma duk da haka sai da ta ci wa ɗa da uba shekara goma sha biyu. Kai fa, da kake zaune kana saurarona, in wani na ƙasa da kai ya rugo yau ya ce ya bar sifana a inda bai kamata ba, me zai tarar a wurinka, mari ko shayi?